Me ya hana Baba barin karofi?

Ɗan Karofi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo ta nan. Mahaifinmu marini ne a Ƙofar Mata, ya haura shekara 70. Mu biyar ne maza a gidan, babu ko ɗaya da ya gaje shi. Ni gyaran waya nake yi, yayanmu ma'aikacin gwamnati ne, sauran kowa da abin da ya kama. Wata uku da suka wuce muka haɗu muka ce masa, Baba ka huta haka nan, za mu riƙa haɗa maka kuɗin cefane duk wata, wanda ya fi abin da kake samu a can. Ya sa mana albarka, ya karɓa. Washegari ana idar da asuba sai ga shi ya saɓa buhunsa ya nufi karofi, kamar da bango muka yi magana. Akwai ranar da zai wuni bai sayar da ko ƙyalle ba. Ga ciwon baya. Don Allah me ke sa mutum ya nace wa sana'ar da ta daina riƙe shi?

Na Kwari:
Wa alaikumus salam. Sabo ne kawai ɗan'uwa, kuma sabo turken wawa ne in ji masu magana, ban da Baba dai, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutum ya yi shekara 50 yana zuwa wuri guda, ƙafarsa ma da kanta za ta kai shi. Can abokan hirarsa suke, can yake jin labarin gari. Amma batun sana'a, kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Ni a Kantin Kwari nake, kullum ina ganin dilolin yadi daga Chana, kala-kala, a farashin da marini ba zai iya ko sayen farin ƙyallen ba. Ku bar shi ya riƙa zuwa shan iska, amma kada ku yaudari kanku cewa akwai wani sirri a ciki.

Bazazzagiya:
Ikon Allah. Ka ga asalin mai hannu da shuni, amma 'ya'ya ne ke haɗa masa na cefane. Kanawa kun ji kunya, kun ɗauke sunan kun ba 'yan canji.

Ɗan Karofi:
Hajiya kin fama mini inda ke ciwo. Wallahi hannunsa har gwiwar hannu shuɗi ne, ko ranar Sallah ba ya fita. Muna yara har kunya muke ji idan ya zo makarantarmu.

Malam na Tudun Wada:
Na Kwari, sabo yana ciki, amma bai isa ya zama amsa ba. Wanda sabo kaɗai ke kai shi zai je ne ya shimfiɗa tabarma ya yi hira. Wannan tsohon da ciwon baya yake durƙusawa ya tsoma yadi ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga, sau ba adadi. Akwai hadisin da ke cewa Allah yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya kyautata shi. Kuma a Bukhari an ambaci Annabi Dawuda, Alaihis Salam, cewa daga aikin hannunsa yake ci, ga shi da sarauta, Alƙur'ani ma ya faɗi yadda aka sanar da shi ƙera sulke. Dattawanmu da wannan tarbiyya suka tashi. A wurinsu karɓar kuɗin da ba su yi wa gumi ba, ko daga hannun ɗan cikinsu ne, bai kai daɗin sisin da suka samo da kansu ba.

Maman Ilham:
Malam ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka. Ni ɗinkin hula nake yi, shekara 14 ke nan, kuma ba na son a riƙa shafa wa abin nan zuma. Don kuɗi nake yi. Kuɗin makarantar yara, sabulu, adashi. Mai ba da aiki zai kawo yadin da aka riga aka zana, ya kawo zare, ki kwashe sati uku ko wata kina tsiyayar da idonki a kan ƙube guda, ya ba ki abin da idan kika raba shi da kwanakin sai ki ji kamar ki yi kuka. Shi kuma ya kai wa mai wanki da guga, ya jera a shago ya ninka farashin. Ranar da na samu abin da ya fi shi zan ajiye allura. Masu cewa so ne, so ne, yawancinsu ba su taɓa kwana da ciwon wuya ba.

Na Kwari:
Yauwa! Allah ya biya ki Maman Ilham. Ga mai abin ta faɗa da bakinta.

Maman Ilham:
Tsaya tukuna Alhaji, ban gama ba, wayar ce ta mutu. Abin da zan ƙara shi ne wanda ni kaina ban gane masa ba. Watan jiya ina ɗinka wata zanna, zare kala huɗu, na yi nisa har na kusa zagayowa sai na lura na tsallake ido ɗaya tun can baya, layin ya ɗan karkace kamar faɗin ƙwayar gero. Na nuna wa maigidan, ya juya ta ya juya bai ga komai ba. Mai ba da aikin ma na san ba zai gani ba. Na ajiye ta na kwanta. Wallahi barci ya ƙi zuwa. Ƙarfe biyu na dare na tashi na haska fitilar waya na fara warwarewa, aikin kwana uku ya tafi. Babu wanda ya ƙara mini ko naira. To wannan ban san sunansa ba, amma na san ba kuɗi ba ne, tunda hasara na yi.

Bazazzagiya:
Alhaji na Kwari, a dawo da "yauwa" ɗin nan.

Na Kwari:
Ba zan dawo da ita ba. Wannan tsabar kirki ne irin nata, Allah ya saka mata. Amma kirki ba ya riƙe sana'a. Idan gobe aka kawo injin da ke fitar da irin hular nan guda 50 a wuni, kuma an riga an kawo ma, kun san ɗinkin kwamfuta ya shiga har babbar riga, to warwarewar tsakar dare ba za ta hana a kwashe mata ciniki ba.

Mai Tarihi:
Ku ba ni dama in sa baki, don ina ganin kowa ya riƙe gefe guda na tabarma. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar rini a matsayin wani abin gargajiya da ake yi don sha'awa. A zamaninsa babbar masana'anta ce. Allon da ke Ƙofar Mata yana ɗauke da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tumbuktu da Murzuk da Tarabulus. Garin Kura kuwa da turkuɗi ya yi suna, baƙin yadi mai ƙyalli da mabuga ke bugawa a kan gungume har ya riƙa walƙiya, Buzaye na saye suna naɗawa. Manomin baba, ganyen da ake samun shuni daga gare shi, yana ci, mai kaɗi tana ci, masaƙi, marini, mabugi, fatake, kowa yana ci. Daga nan ne "hannu da shuni" ya zama sunan arziki.

Abin da ya karya lagon shi ne, a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta. Ba mu kaɗai ya taɓa ba, gonakin baba na Indiya ma sun durƙushe. Sai yadin Ingila ya biyo baya, yanzu kuma na Chana. Saboda haka Na Kwari yana da gaskiya cewa kasuwa ce ta raya sana'ar tun asali. Inda na rabu da shi shi ne cewa wai ta gama yanke hukunci. Shekara fiye da 120 ke nan da fitowar shuɗin kanti, amma har yau akwai rijiyar da ke da rai a Ƙofar Mata. Hukuncin da aka yanke tun zamanin kakanni har yanzu ba a gama zartarwa ba, akwai abin dubawa.

Ɗan Damagaram:
Sallama ga jama'a. Kanawa ku matsa, ubangijinku ya iso. Ni gidan dukawa na hito, nan Zinder. Abin da na gani da idona zan hwaɗi. Lokacin da nasaru masu yawon buɗe ido ke zuwa Agadas da yawa, maƙeran azurfa da dukawa sun samu kuɗi sosai. Amma mi ya faru? Aiki ya lalace. Nasara bai san fata ba. Ka ba shi jakar da aka jeme rabi da rabi, ka liƙa mata ado, ya biya yana murna. Yara suka koyi aikin gaggawa. Da tawayen 2007 ya zo, baƙi suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka dogara da su duk suka watse, wasu suka koma kabu-kabu, wasu wurin haƙar zinariya. Waɗanda suka rage su ne masu yi wa mutanen gida aiki: sirdin raƙumi, kube na takobi, takalmi, laya, kayan amarya. Buzu in ya zo sayen takalmi sai ya lanƙwasa shi, ya shinshina, ya duba ɗinkin ta ciki. Tsohona ya kan ce irin wannan mai saye shi ya fi so ko da zai wahal da shi wurin ciniki, don shi ke hana hannu mutuwa.

Ɗan Karofi:
Wannan magana ta shige ni. Akwai wani Buzu da ke zuwa wajen Baba duk shekara tun ina yaro, yanzu ɗansa ne ke zuwa. Ranar da ya zo Baba har wani tsayi yake ƙarawa. Su wuni suna musu a kan ko baƙin ya kai ko bai kai ba. Amma masu zuwa da kyamara su ɗauki hoto su ba shi ɗan wani abu, idan sun tafi sai ka ga ransa a ɓace, ya ce sun mai da shi abin kallo.

Na Kwari:
To ai ka ga mun dawo kan maganata. Mai saye dai. Kasuwa dai.

Maman Ilham:
A'a Alhaji, ba ɗaya ba ne. Kai mai kuɗi kake nufi, shi mai ido yake nufi. Ni ma na san bambancin. Akwai wani dattijo da ya taɓa aiko a tambayo wace ce ta ɗinka hular da ya saya, ya ce daga yau ita yake so ta riƙa yi masa. Bai fi kowa biya ba. Amma tasa nake fara ɗauka idan na idar da walaha, lokacin da ido ke da ƙarfi.

'Yar Suleja:
Tunda an zo nan bari in kawo ta garinmu. Kowa ya san hoton matar da ke bayan naira 20, Ladi Kwali. Bagwariya ce, a ƙauye ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, irin na ɗiban ruwa da ajiya, tana zana musu kadangaru da kifi da kunama. Tun kafin wani Bature ya san da ita Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanenta a gidansa, a can Michael Cardew, wani Baturen Ingila mai ginin tukwane, ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a nan, lokacin garin namu ne ake kira Abuja. Daga nan aka kai aikinta Landan, ta je Amurka tana nuna yadda ake yi, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Abin da nake so a lura, ba yabon duniya ne ya sa ta fara zana kadangaru a jikin tulu ba. Tulu ko ba zane zai riƙe ruwa. Amma kuma da ba a samu sarkin da ya gani ya ajiye ba, da wurin aiki mai albashi da murhun gashi, da ƙila ta ƙare kamar sauran gwanayen matan ƙauyukan nan da babu wanda ya san sunansu. Kakata tana cewa akwai irinta da yawa.

Bazazzagiya:
Sarakuna dai ba kullum suke zama alheri ga gwani ba. Mu a Zariya muna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na cikin birni da ƙasa da azara, bakan gizonsa har yau masu karatun zanen gini na zuwa kallo. Labarin da ake bayarwa shi ne wani sarki da ya yi wa gini ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi nasa. Ko gaskiya ne ko ƙari, ya nuna yadda mutanen da suka ɗauki gwaninta: abin da ake kishi a kansa kamar mace.

Ɗan Damagaram:
Mu ma muna da namu magini, Falke Barmu na garin Yama cikin jihar Tawa. Manomi ne, shi ya gina masallacin garinsu da laka, jama'ar gari na kawo ruwa da itace, ya yi shekaru yana ƙara mishi hasumiya da ado. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan. Shi garinsu ne ya riƙe shi, ba sarki ba, ba nasara ba.

Mai Tarihi:
Kun tuna mini wani abu da ya haɗa magina da marina. Katsin da ake kwashewa daga gindin rijiyar rini, shi ake ƙonawa a haɗa laso da shi, wanda ake shafe bango da rufin soro don kada ruwa ya ci. Da shi kuma ake dalaye cikin rijiyar kanta. Ka ga sharar wannan ita ce kayan aikin wancan. Da siminti ya zo, marini ya rasa mai karɓar katsinsa, magini ya rasa laso. Sana'o'in nan a saƙe suke da juna, shi ya sa idan ɗaya ta faɗi sai ta ja 'yan'uwanta.

Na Kwari:
Duk na ji. Amma ku amsa mini tambaya ɗaya tsakani da Allah. A cikinku wa zai cire ɗansa daga makaranta ya kai shi karofi? Ɗan Karofi da kansa waya yake gyarawa. Muna zaune a nan muna yabon abin da babu wanda ke so ɗansa ya gada. Ni wannan ne ke ba ni haushi da irin hirar nan, kowa ya iya kuka a kan gawa amma ba mai zuwa dubiya.

Malam na Tudun Wada:
Wannan ta zauna, ba ni da ja. Sai dai ba dole ne a cire yaro daga makaranta ba. Da can ma da safe allo, da hantsi sana'a.

Maman Ilham:
Ni dai Ilham ta iya, na koya mata, amma na ce mata ta riƙe shi a matsayin sandar hannu, karatu ne gaba. Kuma na hana ta karɓar aiki daga hannun 'yan tsakiya. Tana ɗora hoton nata a WhatsApp, ƙawayenta na saya wa samarinsu. Hula ɗaya tata ta fi biyu tawa kuɗi, ga shi ban ga ta fi ni hannu ba.

Ɗan Karofi:
Ku gafarce ni na ɓace tun jiya. Maganganunku ne suka sa yau na rufe shago da wuri na bi ta Ƙofar Mata, rabona da shiga tun ina sakandare. Na tarar da shi ya ɗage murfin wata rijiya da ya haɗa sati uku da suka wuce, baba da toka da kanwa, yana juyawa da doguwar muciya. Kumfa ta taso a kai, shuɗiya mai ɗan ja-ja kamar wuyan tantabara. Ya sunkuya ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya ce saura kwana biyu. Daga nan ya koma ta kusa da ita wadda ta riga ta nuna, ya ce in miƙo masa wani farin yadi da matan unguwa suka ƙulle. Ya tsoma, ya ɗan jima, ya ɗago. Wallahi kore ya fito, kore shar kamar ganyen rama. Ya riƙe shi a iska yana kallona, a gaban idona ya rikiɗe ya koma shuɗi. Na san na ga wannan sau ɗari ina yaro, amma yau sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce shekara 58 yana ganin haka bai taɓa ƙosawa ba.

Na yi masa tambayar kai tsaye. Bai ba ni wata doguwar amsa ba. Ya ce rijiya abu ne mai rai, idan ka yi kwana uku ba ka juya ta ba za ta mutu, shi kuma bai ga ranar da zai zauna a gida yana sane da tana mutuwa ba. Sai ya nuna mini wata can gefe da shara da leda suka cike, ya ce ta mahaifinsa ce. Ashe kuɗin da muke ba shi na cefane ba duka yake kashewa ba, tarawa yake zai sa a yashe ta.

Bazazzagiya:
Allahu Akbar. To wa zai riƙe ta idan an yashe?

Ɗan Karofi:
Nan ne aka kama ni Hajiya. Ashe ɗan wajena mai shekara tara, da nake zaton gidan kakarsa yake zuwa ran Asabar, can yake wuni. Na ga farcensa shuɗi kwanaki, uwarsa ta ce biro ne. Har yanzu ban san ko faɗa zan yi ba ko shiru, yayanmu dai ya ce a bar su.

Na Kwari:
Hmm. Ni dai ban canza ra'ayi ba, ku rubuta ku ajiye. Amma ka tambayar mini Baba nawa zai rina mini yadi goma na farar shadda, baƙi wuluk irin na Buzun nan, ina da ɗaurin aure bayan Sallah. Kuma a yi mini ragi, ni ɗan kasuwa ne.

Ɗan Damagaram:
Bakano ke nan. Ɗan Karofi, ka ce ma tsoho kada ya rage mishi ko dala.

Ɗan Karofi:
Na faɗa masa. Alhaji na Kwari, ya ce ka kawo shaddar da kanka ya taɓa ta tukuna, idan akwai roba a ciki ba za ta kama ba, kuma ba zai ɓata ruwansa a kanta ba. Ya ce ka zo bayan jibi da hantsi, kada ka sa fararen kaya.